Kundin Aikin Kwashe Duniyoyin Minecraft Daga Xbox 360 Zuwa Kwamfuta

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda aikin kwashe duniyoyin Minecraft, wasan gine-gine da bulo, daga tsohuwar na'urar wasa ta Xbox 360 ta gidanmu da ke Mabera a Sakkwato zuwa kwamfuta yake tafiya, saboda aiki ne mai matakai da yawa, kuma wanda bai rubuta ba zai rasa gane fayil ɗin da ya taɓa da wanda bai taɓa ba. Na'urar samfurin S ce da aka fara fitarwa a 2010, mai rumbun ajiya na gigabait 250, kuma ta hannu aka saye ta. A cikinta akwai duniyoyi bakwai da ƙanena da 'ya'yan yayata suka gina a tsawon shekaru. Mafi girma ita ce wadda suka sa wa suna Birni, inda suka zagaye gari da ganuwa, suka fitar da ƙofofi, suka yi kasuwa da masallaci da barga, har da wata hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa daga gabas zuwa yamma.

Dalilin fara aikin a yanzu ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin Microsoft ya daina ƙera Xbox 360 tun 2016, sannan ya rufe shagon sayen wasanninta na intanet a ranar 29 ga Yuli, 2024. Shi kansa zubin Minecraft na wannan na'ura, wanda kamfanin 4J Studios na Sukotlan ya shirya aka fitar a ranar 9 ga Mayu, 2012, ya samu babban sabuntawarsa na ƙarshe a 2018, lokacin da aka ƙara masa halittun teku. Babu wani abu sabo da zai sake zuwa. Rumbun ajiyar kuwa irin mai faifai ne da ke juyawa, ya haura shekara goma yana aiki a garin da zafin bazara ke wuce digiri 40, don haka ba na son mu shiga Afrilu alhali waɗannan gine-gine suna wuri ɗaya tak.

Akwai hanyar da masu ƙera wasan suka tanada tun da farko: a tura duniya daga Xbox 360 zuwa zubin Xbox One, daga can a mayar da ita zubin Bedrock da aka haɗe na'urori a kansa a 2017. Wannan hanya tana buƙatar Xbox One da kuma tsohon zubinta da aka daina sayarwa, mu kuwa ba mu da ko ɗaya. Saura hanyar filash da manhajojin juya fayil.

Kafin komai na daidaita batun wuta. Cajar na'urar ta Amurka ce mai karɓar bolt 120, wutarmu kuwa 230 ce, shi ya sa tun asali ake haɗa ta da taransifoma mai rage ƙarfi. Na ɗauke su duka daga soket ɗin falo na mayar kan inbata, domin ɗaukewar wuta a daidai lokacin da na'ura ke rubuta fayil ita ce hanya mafi sauƙi ta lalata duniya.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Ƙurar hunturu ta toshe ramukan iskar na'urar har fanka tana ƙara kamar za ta tashi, saboda haka na fara da hure ta da goge ta da busasshen buroshi, ban buɗe cikinta ba. Ƙarar ta ragu sosai.

Na tanadi sabon filash mai gigabait 16 wanda babu komai a kansa. Kasuwa cike take da filash na jabu da ke nuna girman da ba su da shi, waɗanda ke karɓar fayil lafiya lau sannan su mayar da shi a lalace, don haka sai da na gwada shi da manhajar H2testw, wadda ke cika filash da bayanai ta sake karantawa, kafin na amince da shi. Na tsara shi a kan tsarin FAT32. Wannan yana da muhimmanci, domin rumbun cikin na'urar yana amfani da tsarin FATX ne wanda Windows ba ta karantawa kai tsaye, amma tun sabuntawar da aka yi wa Xbox 360 a 2015 tana rubuta wa filash a cikin folda ta yau da kullum mai suna Content, wadda kwamfuta ke gani muddin an umarce ta ta nuna ɓoyayyun fayiloli.

A na'urar, ana shiga saituna, a shiga sashen ajiya, a zaɓi rumbu, a nemo Minecraft a jerin wasanni, sai duniyoyin su bayyana ɗaya bayan ɗaya. Ga kowace akwai zaɓin kwafa da zaɓin matsarwa, kuma suna kusa da juna. Matsarwa tana share na asali bayan ta gama. Kwafa kaɗai na yi, kuma na hana kowa riƙe hannun gem ɗin har na kammala.

A kwamfuta hanyar fayilolin ta kasance kamar haka: foldar Content, sai folda mai dogon lamba da ke farawa da harafin E wadda ita ce shaidar mai asusun, sai 584111F7 wadda ita ce lambar Minecraft a wannan na'ura, sai 00000001 wadda ke nufin ajiyar wasa. A nan fayiloli bakwai suke, kowanne sunansa ya fara da Save, sai jerin lambobin kwanan wata, sai .bin a ƙarshe.

A nan ne wani abu ya ba ni dariya. Biyar daga cikin bakwai suna ɗauke da shekarar 2005, alhali ba a fara sakin Minecraft ga jama'a ba sai 2009. Bayanin shi ne Xbox 360 ba ta riƙe lokaci idan an yanke mata wuta na ɗan tsawon lokaci, sai agogonta ya koma 22 ga Nuwamba, 2005, ranar da aka fara sayar da ita a Amurka, kuma ba ya gyaruwa sai an haɗa ta da intanet ko an saita da hannu. Na'urar da ta zauna a gidan da wuta ke zuwa tana tafiya, ba a kuma cika haɗa ta da intanet ba, kusan kullum a wannan rana take farkawa. Ma'ana, sunan fayil ba zai gaya mini wace duniya ce ta riga wata ba. Na yi jadawali a takarda mai ɗauke da sunan fayil, girmansa, da sunan da yaran suka ba duniyar, kuma shi zan riƙa bi.

Laraba, 22 ga Janairu, 2025

Aikin yau gajere ne. Na ciro wa kowane fayil lambar tantancewa ta SHA256 da umarnin certutil da ke zuwa tare da Windows, na rubuta lambobin a jadawalin. Idan ko da bait ɗaya ya canja a fayil, lambar za ta canja gaba ɗaya, don haka duk kwafin da na yi nan gaba zan iya tabbatar da cewa daidai yake da na farko.

Na ajiye kwafi ɗaya a kwamfuta cikin folda mai suna Asali wadda na kulle ta daga rubutu, ɗaya a wani rumbu na waje da zai zauna gidan yayata a unguwar Runjin Sambo, ɗaya kuma na ɗora a ma'ajiyar intanet. Fayilolin ƙanana ne, duka bakwai ɗin ba su ci data mai yawa ba. Ƙa'idar da na kafa wa aikin daga yau ita ce babu manhajar da za ta buɗe abin da ke cikin Asali; kullum kwafi za a ciro a yi aiki a kansa.

Asabar, 1 ga Fabrairu, 2025

Yau na tara masu duniyoyin. Abin da ya sa shi ne kayan da ɗan wasa ke riƙe da su a jikinsa ba a cikin ƙasar duniyar ake ajiye su ba, a wani fayil ne na daban mai ɗauke da lambar asusunsa na Xbox. A kwamfuta kuwa wata irin lamba ce daban ake gane ɗan wasa da ita, kuma ba lallai ne manhajar juyawa ta iya haɗa tsohuwar da sabuwar ba, musamman a duniyar da mutum huɗu suka riƙa shiga a talabijin ɗaya an raba musu allo. Abin da ke cikin akwatin da aka ajiye a ƙasa yana tafiya tare da ƙasar. Abin da ke aljihun ɗan wasa da kuma akwatinsa na Ender, wani akwati na musamman da kowa kayansa kaɗai yake gani a ciki, yana tafiya ne da fayil ɗinsa.

Maganin mai sauƙi ne ko da yake yana cin lokaci: kowa ya shiga da asusunsa a kan na'urar, ya juye komai cikin akwatuna na yau da kullum, ya manna allo mai sunansa. Aljihun ɗan wasa gurbi 36 ne, ban da huɗu na sulke, akwatin Ender gurbi 27, akwati mai haɗe biyu kuwa yana ɗaukar 54, don haka kowa ya buƙaci babba ɗaya da ƙarami ɗaya. Mun jera su a zauren da ke kusa da ƙofar gabas ta Birni. Na kuma sa kowa ya sauka daga kan doki ko kwale-kwale ya tsaya a ƙasa kafin a adana, na rubuta lambobin matsayin kowace ƙofar shiga Nether, wato duniyar wuta ta ƙarƙashi a wasan, da kowane gini mai muhimmanci, sannan na ɗauki hotunan allo da waya domin in samu abin kwatantawa daga baya.

Ƙaramin cikinsu bai yarda da tsarin ba da farko. Ya ce, "Kawu, in munka tuɓe sulken nan munka aje, wa za ya tsare muna shi?" Na nuna masa cewa kwafin farko da na ɗauka tun makonni biyu da suka wuce yana nan da sulkensa a jikinsa, kuma babu mai taɓa shi. Wannan ne ma dalilin da ya sa na jinkirta wannan mataki har sai da na kammala ajiyar asali, domin juye kaya canji ne ga duniyar, komai ƙanƙantarsa.

Bayan sun gama na sake kwafar fayilolin zuwa sabuwar folda mai suna Shiri. Daga ita za a yi juyawa.

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Na duba cikin fayil ɗin Birni domin in san abin da nake shirin juyawa. Fayil ɗin .bin ba shi ne duniyar ba, kunshi ne irin na Xbox 360 da ake kira STFS, wanda haruffansa na farko su ne CON, alamar cewa na'urar gida ce ta sa masa hannu. An yanka shi gida-gida, kowane gida bait 4096, tare da jadawalin lambobin tantancewa da na'urar ke dubawa kafin ta buɗe. Manhajoji irin su Horizon da Velocity an daɗe ana amfani da su wajen buɗe wannan kunshi. A ciki akwai fayil guda mai suna savegame.dat, shi ma a matse yake da salon matsewa na Xbox, kuma sai an warware shi ake ganin ainihin kayan: level.dat mai ɗauke da iri, wato lambar da wasan ke ƙirƙiro ƙasa daga gare ta, da saitunan duniya, fayilolin 'yan wasa, taswirori, da fayilolin ƙasa.

Ƙasar Minecraft a yanke take gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa bulo 16 a tsawo da 16 a faɗi, kuma ana tara gunduwa 32 sau 32 a fayil ɗaya. Duniyar Xbox 360 tana da iyaka, bulo 864 ta kowane gefe, wato gunduwa 54 sau 54, jimilla 2,916. Da yake tsakiyarta tana kan sifiri ne, ta faɗa cikin fayiloli huɗu da suka haɗu a tsakiya, kowanne yana riƙe da kusurwa ɗaya. Wannan ƙanƙanta ita ce ta sa aikin ya yiwu a kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi kamar tawa.

Sai babbar shawara: Java ko Bedrock, wato zubi biyu na wasan da ake samu a kwamfuta. Tun Yunin 2022 ana sayar da su tare ga mai kwamfutar Windows, don haka kuɗi ba ya cikin lissafi. Bedrock yana karɓar hannun gem kai tsaye, yana da sauƙi ga kwamfuta marar ƙarfi, kuma yana haɗuwa da masu wasa a waya, abin da ƙanena ya fi so ke nan. Amma zubin Xbox 360 daga Java aka samo shi, tsarin fayilolinsa ɗan'uwan tsohon tsarin McRegion na Java ne, kuma yadda wayoyin jan dutse na redstone ke aiki a cikinsa ya fi kusa da na Java. Birni tana da ƙofofi masu buɗe kansu da tashar jirgi mai sauya layi, waɗanda aka gina bisa waɗancan halaye, kuma a Bedrock wasu daga cikinsu za su iya tsayawa. Akwai kuma dalili na biyu da ya fi nauyi a wurina: manhajar ƙaddamar da Java tana ba mutum damar sauke duk tsohon zubin da yake so, ta yadda za a iya buɗe duniya a zamanin da ya dace da ita. Na zaɓi Java. Idan daga baya aka so Bedrock, manhajar Chunker tana juyawa tsakanin su biyun.

Abin da aka rasa ta kowace hanya shi ne raba allo. Babu shi a kwamfuta, ko a Java ko a Bedrock.

Asabar, 15 ga Fabrairu, 2025

Na juya duniya mafi ƙanƙanta da farko a matsayin gwaji, sannan Birni. Akwai manhajoji da dama masu wannan aiki, na kyauta da na kuɗi. Na ɗauki wadda ke ba da damar zaɓen zubin da za a fitar, na zaɓi 1.13.2 na Oktoban 2018, domin shi ne ya yi daidai da abin da Xbox 360 ta tsaya a kai. A 1.13 ne Java ya bar kiran bulo da lamba ya koma kiransu da suna, don haka dole manhajar ta fassara kowane bulo daga tsohon lissafi zuwa sabo, kuma a nan ne ake ganin ingancinta. Na sa foldar da ta fito a cikin foldar saves da ke ƙarƙashin foldar wasan mai suna .minecraft, na buɗe.

Ganuwar tana nan, ƙofofi suna nan, akwatunan zauren gabas suna nan da allunansu. Na bi hotunan da na ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Jirgin ƙasa ya tashi ya sauya layi yadda ya saba. Dawakin barga suna nan da siradansu, mutanen ƙauyen da aka killace a kasuwa suna nan da cinikinsu.

Abubuwa uku ne ba su zo daidai ba. Na farko haske: wasu ɗakuna da ƙarƙashin wasu rumfuna sun yi baƙi ƙirin alhali akwai fitilu, saboda lissafin haske da aka ajiye bai dace da sabon tsari ba, ajiye fitila ɗaya a wurin yana tilasta wa wasan ya sake lissafi, kuma sababbin zubi suna da zaɓin share wannan tsohon lissafi gaba ɗaya a lokacin inganta duniya. Na biyu kamanni: sun gina masallacin ne da wani kunshin zane da aka saya a shagon Xbox, wanda lasisinsa na na'urar ne ba ya bin duniya, don haka bangon da suka sani fari mai ado ya koma launin bulon asali. Na uku dabbobin gida. Karnuka da kuliyoyin da aka horar suna zaune inda aka bar su, amma ba su san kowa ba, domin lambar mai su da ke rubuce a jikinsu tsohuwar lambar Xbox ce. Za a gyara wannan da umarnin wasan mai suna data a kwafin da za a riƙa wasa da shi, inda za a rubuta wa kowace dabba sabuwar lambar mai ita.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, 2025

Matsalar da ta fi kowace ɗaukar hankali ita ce ta Nether, kuma ba laifin manhajar juyawa ba ne, dokar wasan ce ta bambanta. A Xbox 360 Nether bulo 288 ne ta kowane gefe, an zagaye shi da bangon dutsen da ba ya fasuwa, kuma taku ɗaya a cikinsa daidai yake da taku uku a sarari, wato duniyar sama, domin 288 sau uku shi ne 864. A Java taku ɗaya daidai yake da takwas.

Ga yadda abin ya kasance da ƙofar da ke bayan kasuwa. Tana kan 300 da -240. A na'urar, abokiyarta ta cikin Nether tana kan 100 da -80. Da na shiga ta a kwamfuta, a kwafin gwaji da na buɗe a sabon zubin 1.21.4, wasan ya raba da takwas, ya nemi ƙofa a kusa da 37 da -30, bai samu ba, sai ya ƙera sabuwa a gefen wani tafkin wuta, nesa da hanyar da yaran suka shimfiɗa suka yi mata shinge. Da na taka zuwa tsohuwar ƙofar na fita ta cikinta, sai ya ninka 100 da -80 sau takwas, ya jefa ni 800 da -640, wurin da yake wajen tsohuwar duniyar baki ɗaya, ya kuma ƙirƙiro sabuwar ƙasa a can nan take. Na goge wannan kwafin gwaji na ciro wani.

Ƙofofi huɗu ne a Birni, kuma dukansu an haɗa su da hanyoyi a cikin Nether. Gyaran da na tsara shi ne a lissafa wa kowace ƙofar sarari sabon matsayinta ta hanyar rabawa da takwas, a gina sabuwar ƙofa a daidai wurin, a kashe tsofaffin, sannan a ja gajerun hanyoyi zuwa tsohuwar babbar hanya wadda ke kaiwa ga sansanin da suke samun sandunan wuta. Kowace ƙofa tana cin bulon obsidiyan 10 idan an bar kusurwoyi, kuma akwai fiye da haka a akwatunansu. Sababbin ƙofofin za su matsu kusa da juna, tunda duk faɗin 864 ya koma bulo 108 a lissafin Java, saboda haka dole a gina kowace a kan lambarta daidai, in ba haka ba biyu za su riƙa kaiwa wuri ɗaya.

Asabar, 22 ga Fabrairu, 2025

Mun yi doguwar muhawara da ƙanena a kan iyaka. A na'urar, ƙasa tana gangarawa cikin teku a kowane gefe, sai mutum ya ci karo da bangon da ba a gani. A Java babu wannan bango a wurin. Duk wanda ya matsa kusa da 432 ta kowace fuska, wasan zai fara ƙirƙirar sabuwar ƙasa da dokokinsa na yau, kuma ko da irin duniyar ɗaya ne, abin da zai fito ba zai yi kama da na da ba.

Ga kuma batun zurfi. Zubin 1.18 da ya fito a ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ya faɗaɗa duniya daga ƙasa zuwa -64, daga sama zuwa 320. Idan aka buɗe tsohuwar duniya a cikinsa ko a wanda ya biyo bayansa, yana mayar da shimfiɗar dutsen ƙarshe ta zama dutse mai fasuwa, ya haƙa sababbin koguna a ƙarƙashi, ya kuma yi ƙoƙarin sajewa tsakanin tsohuwar ƙasa da sabuwa a bakin iyaka. Aiki ne mai kyau, na gwada na gani a 1.21.4, amma ba ya komawa baya. Duniyar da aka ɗaga zuwa sabon zubi ba a mayar da ita tsoho lafiya.

Ƙanena yana ganin ai dalilin ƙaura ke nan, a samu fili marar iyaka da sababbin abubuwa. Ni kuwa ina ganin Birni an gina ta ne da sanin cewa ƙasa tana ƙarewa. Layin jirgin ya tsaya a bakin teku ne domin babu gaba. Gonar rake tana inda take ne domin nan kaɗai suka samu wuri. Taswira ɗaya da wasan ke ba kowa a farko tana nuna duniyar duka, abin da a Java sai an haɗa sababbin taswirori huɗu masu faɗin 1,024 kafin a samu, saboda layukan da yake yanka taswira a kansu sun ratsa ta cikin duniyar kusa da tsakiyarta. Cire iyakar kamar rushe katangar tsohon gida ne a ce an ƙara masa fili: filin ya ƙaru, amma zaure da tsakar gida sun rasa ma'anarsu.

Tunda fayil ba ya ƙarewa don an kwafe shi, babu dalilin da zai sa ɗayanmu ya yi nasara a kan ɗaya. Mun tsaya a kan kwafi biyu. Na farko zai zauna a 1.13.2, an saita masa iyaka da umarnin worldborder, tsakiya a sifiri, faɗi 864, ba za a gyara komai a cikinsa ba, har ƙofofin Nether, ziyara kawai za a riƙa kai masa. Na biyu an ɗaga shi zuwa 1.21.4, shi ne na wasa, a nan za a gyara ƙofofi da dabbobi, kuma su buɗe iyakar duk ranar da suka ga dama.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, 2025

Shida daga cikin bakwai sun kammala, kowace da kwafinta biyu. Ta bakwai, wadda suke kira Tsibiri, ta ƙi. Ko a kan na'urar ma tana tsayawa a tsakiyar lodi, kuma yaran sun ce tun wani dare da wuta ta ɗauke suna cikin wasa ba ta sake buɗuwa ba. Manhajar buɗe kunshi ta nuna cewa wasu gidajen fayil ɗin ba su dace da lambobin tantancewarsu ba. Zan dakatar da aikin a nan saboda azumi na ƙaratowa, in dawo kanta bayan salla.

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Na ciro savegame.dat na Tsibiri ba tare da bin tantancewar kunshin ba, na gwada warware shi. Warwarewar tana tafiya har ta kai wurin lalacewar sannan ta tsaya, amma abin da ya fito kafin nan ya ƙunshi fayilolin ƙasa uku cikakku da wani ɓangare na na huɗu, wato kusurwar kudu maso gabas. Babu level.dat mai amfani, don haka na ari na wata sabuwar duniya da na ƙirƙira, na jera fayilolin a tsarin da manhajar juyawa ke karɓa. Ta karɓa. Gidan da ke kan tsibirin da gadarsa sun fito lafiya, domin suna arewa. Abin da ya tafi shi ne gonar alkama da rabin wata hasumiya, wadda yanzu take tsaye a yanke daidai kan layin gunduwa. Babban ɗan yayata ya ce a bar ta haka a kwafin ajiya, zai sake gina ta a na wasa.

An gama sababbin ƙofofin Nether huɗu na Birni, na bi kowace shiga da fita, duk suna kaiwa inda ya kamata. Karnuka da kuliyoyi sun koma hannun masu su, ban da guda biyu da aka kasa tuna ko na wane ne, waɗanda aka ba ƙaramin.

Abin da ya rage shi ne yadda za su riƙa wasa tare, tunda babu raba allo. Java yana da zaɓin buɗe duniya ga kwamfutocin da ke kan hanyar sadarwa ɗaya, kuma na gwada da kwamfuta biyu a kan wayar da aka kunna wa rabon intanet, ya yi aiki ba tare da cin data mai yawa ba, sai dai kowane ɗan wasa yana buƙatar asusunsa da aka saya. Kwamfuta ta biyu tsohuwa ce mai gigabait 4 na ƙwaƙwalwa, tana jan ƙafa a 1.21.4 sai an rage nisan gani zuwa gunduwa shida, kuma da zafin da ake yi yanzu ba ta jure awa ɗaya da rana. Zan nemo mata ƙarin ƙwaƙwalwa a wurin masu gyara a mako mai zuwa, sannan in sake tantance lambobin kwafin da ke Runjin Sambo, in ƙara masa foldojin da aka juya.